Layin da Na Ƙi Ja

"Ba zan ja layin nan ba, Alhaji," na ce.

Alhaji Maikano, shugaban ƙungiyar manoman rani da nake wa aiki a Tiga, ya cire tabarau ya dube ni. A shekarar 1999 ne. Masu ba mu tallafi daga ƙasar waje sun ce mu buɗe shafi a intanet, kuma duk ofishin ni kaɗai na iya kwamfuta. Sai na jera sunayen wuraren da muke aiki a rubuce, wanda ka latsa ya kai ka bayaninsa. Shi kuwa taswira yake so, mai launi, ka taɓa yanki ya buɗe.

"Turai, zane ne fa kawai. Turawa hoto suke so."

"Ranka ya daɗe, hoto ba ya latsuwa sai na gaya wa kwamfuta inda kowane yanki ya fara da inda ya ƙare. Inda ka bi da yatsanka, burtali ya shige cikin gonaki."

Ta burtalin nan shanun mahaifina suke bi su sha ruwa. Shekara uku ana jayayya a kansa, dagaci ma bai yanke iyaka ba.

"To fa, Fulatanci ya motsa! Mun ɗauka boko ya wanke ki."

"Bokon ne ya koya mini cewa abin da aka zana yau, shi ake bugawa gobe a kai gaban alƙali."

Mako shida muka yi a haka. Kowace Litinin sai ya tambaya, in ba shi amsar jiya. Aka ɗauke fankar teburina. Aka daina ba ni motar ofis, na koma shiga ta haya zuwa Kano, inda ake samun intanet, da faifan aikin a jaka. Saude mai buga takardu ta ce, "Yaya Turai, ki ja masa mana, wa zai gani?" Na ce wa Alhaji zan sa taswirar ba iyaka, sunaye a ƙasa. Ya ƙi.

Da na je ruga na faɗa wa Baffa mahaifina, bai ko ɗago daga igiyar da yake tufkawa ba.

"Shanuna ba su san kwamfuta ba, 'yata. Ki bi shugabanki."

Wannan ta fi ta Alhaji ciwo. Amma ban ja ba.

A mako na bakwai Alhaji ya kai aikin wurin wani mutum a Kano, wanda bai taɓa ganin burtalin ba. Kafin azahar ya zana. Ni kuma aka miƙo mini takardar sallama.

Aikin ya tafi, layin kuma an ja shi. Wata takwas ke nan ina gida, ban sake taɓa kwamfuta ba, kuma babu wanda ya ce mini sannu.