Aibin Jar Saniya

Ɗangiwa dillalin mota ne a Tambuwal, kuma kowa ya shaide shi da zaƙin baki. Amma tun da gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa, kasuwarsa ta koma ta tsofaffin ƙarafa. A kwaso wadda ta mutu, a shafa mata fenti, a nemi mai tsautsayi.

Haka ya samo wata farar a-kori-kura a gwanjon motocin gwamnati. Ta daɗe a bayan wani ofis bisa duwatsu, kaji har ƙwai suke yi a cikinta. Bakanike ya duba ya ce injin ya tsage, ruwa na haɗuwa da baƙin mai. Ɗangiwa ya ce a liƙe da gam, a ɗura mai mai kauri. Fenti kuwa ya sa aka yi shi sama-sama, don tambarin gwamnati ya riƙa leƙowa a jikin ƙofa.

Mai tsautsayin shi ne Malam Atiku, makiyayi daga wajen Kebbe. Ba ƙwalisa ta kawo shi ba. Mahaifiyarsa ce ta tsufa, ƙafa ta ƙi, ko jaki ba ta iya zama a kai, ga lokacin tashi da shanu zuwa kudu ya matso. Yana son abin da zai ɗauke ta da 'yan maruƙa, kada a bar ta a baya.

Shanu uku ya koro ranar kasuwa, aka shirya musaya. Kafin a tafa hannu, sai ya kama su ɗaya bayan ɗaya yana faɗin aibinsu, kamar yadda ya ga ubansa na yi.

"Alhaji, wanga bijimi shina tunkuyi. Wagga baƙar ta taɓa ɓari sau guda. Jar kau lafiya lau take." Ya juya ya dafa motar. "To, ita wagga, mi ne nata aibin?"

Nan ne fa wurin. Da Ɗangiwa ya buɗe baki ya ce injin, da shi ke nan, kowa ya kama gabansa. Sai ya buga ƙofar da tafin hannu, daidai kan tambarin.

"Malam Atiku, dubi nan. Motar gwamnati ce. Ka taɓa jin gwamnati ta sayi ruɓaɓɓen abu? Ba ta da aibi ko ɗaya."

Kafin la'asar ya sayar da shanun, ya koma gida yana fito.

Fiton bai daɗe ba. Inda motar ta tsaya a garejinsa ta bar tabon mai a ƙasa, mai ruwa-ruwa, kalar kunu. Ya sa aka zuba yashi, tabon ya sake fitowa. Duk safiya da shi yake fara gaisawa. Ya yi ƙaryar ciniki ta fi a ƙirga, amma ba a taɓa faɗa masa gaskiya tsirararta a tambaye shi tasa ba. Abin ya tsaya masa a rai, tuwo ma ya daina yi masa daɗi.

Ana nan sai wani ɗan kabu-kabu mai zuwa Kebbe ya tsaya bakin garejin.

"Alhaji, Malam Atiku na cigiyarka. Ya ce akwai maganar aibi tsakaninku, kuma ba ta aike ba ce."

Ɗangiwa ya dubi tabon man. Ya so ya ce ba ya gari, amma ga shi tsaye. Ya hau bayan babur ɗin, hanya na jijjiga shi, yana ta shirya abin faɗa. Zai ce laifin hanya ne. Zai ce laifin gwamnati ne da ta sayar masa. Daga baya ya ce wa ransa, kai Ɗangiwa, ji tsoron Allah, faɗi gaskiya ka huta.

Sun iske rugar wayam. Babu shanu, babu yara, sai turaku da busasshen kashin shanu. Bukka ɗaya ta rage. Ga motar can ƙarƙashin kirya, an jingina mata zana, wata tsohuwa na kwance a inuwarta. Malam Atiku ya taso da sauri ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Alhaji, ka sha hanya. Da ni zan zo, to ba ni da wanda zan bar wa Inna."

"Ina shanun?" Ɗangiwa ya tambaya, ko da yake ya san amsar.

"Sun yi kudu da yara. Ranar da munka tashi, ko rafin can ba mu kai ba ta yi hayaƙi ta tsaya. Sai munka turo ta nan." Ya yi murmushin da bai kai ciki ba. "Tun da anka haife ni, ban taɓa kwana ban ji kukan shanu ba sai bana."

Ɗangiwa ya nuna motar. "Malam Atiku, ita motar nan..."

"A'a, bar ta. Kai ka faɗa mini da bakinka ba ta da aibi. Ni ne ban iya kiwonta ba, na ɗora mata kaya fiye da kima." Ya sunkuyar da kai. "Ba don ita na kira ka ba. Jar saniyar nan ce. Na ce maka lafiya lau take, alhali in ba ɗanta a kusa, ɓoye nono take yi. Wallahi mantawa na yi, sai da ka tafi na tuna. Abin ya hana ni sukuni. Ka yafe mini."

Ɗangiwa bai ma san hannun wa jar saniyar take ba yanzu. Kunya ta rufe shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage. Tsohuwar ta ɗago kai da ƙyar.

"Ɗana, kai ne mai motar? Allah shi yi maka albarka. Ko ba ta tafi ba, inuwarta na da sanyi."

Gaskiyar da ya ɗauko tun daga Tambuwal ta zo masa har maƙogwaro. Ya dubi tsohuwar, ya dubi mutumin da ke riƙe da hannunsa yana jira.

"Na yafe," in ji Ɗangiwa.

Malam Atiku ya sauke ajiyar zuciya, fuskarsa ta washe. "Alhamdu lillahi. Yanzu babu haƙƙin kowa a wuyan kowa."

Ya shiga bukka ya fito da 'yar ƙwarya, yana ba da haƙuri cewa nonon akuya ne, na shanu ya tafi da shanu. Ɗangiwa ya karɓa da hannu biyu, ya zauna ya juya wa ƙofar motar baya. Malam Atiku ya tsuguna gabansa yana jira ya sha.