Ganyen da Teremoana ta tsinko wa Goggo

Shekara goma sha ɗaya Teremoana ta yi a birnin Auckland kafin ta dawo tsibirinsu na Mauke hutu. Dangi suka kafa tantuna uku a bakin teku, da niyyar yin mako guda suna kamun kifi da gasa gwaza. Har Goggo Matangaro, yayar mahaifinta, aka ɗauko a bayan mota. Duk tsibirin an san ta da haɗa maganin ganye, sai dai yanzu idonta ya yi rauni, gwiwarta ta dama kuma ta kumbura.

Ranar Juma'a mata suka shirya shiga daji tsinko maire, ganyen nan mai ƙamshi da ake kitsa kambun furanni da shi, domin ranar Lahadi akwai biki a coci, Goggo ce kuma za ta ja waƙa. Goggo ta kira Teremoana ta ce ta haɗo mata da ganyen ciwon gwiwa, wanda ta sha aiken ta tsinkowa tana yarinya. Teremoana ta ce to. Alhali ta manta kamanninsa sarai. Amma tun isowarta 'yan'uwa ke tsokanar ta wai ta zama baturiya, ko kwakwa ba ta iya ɓarewa, sai ta ji nauyin tambaya.

A tsakanin duwatsu ta tarar da ganye iri biyu masu kama da juna. Ƙanwarta Poko tana nan kusa tana cika kwando. Teremoana ta dube ta, ta kau da kai, ta tsinke wanda ya fi kore. Suna dawowa ta daka shi da man kwakwa tun Goggo ba ta taɓa shi ba, ta ɗaura mata da tsumma.

Kafin yamma fatar ta yi ja wur, washegari ta tashi bororo, Goggo ta kasa taka ƙafar. Ba ta zargi kowa ba. Ta riƙa gaya wa masu zuwa sannu cewa tsufa ne, maganin da ya saba da jikinta ma ya fara ƙin ta.

Da hantsi mata suka baza tabarmi suna kitsa kambuna, ana raha. Teremoana ta kitsa wa Goggo nata, ta zaɓo furannin da suka fi fari, ta kai mata tanti ta durƙusa.

"Goggo, ba jikinki ba ne. Ni ce ban gane ganyen ba, na tsinko da ka."

Goggo ta daɗe tana shafa kambun. "Poko ba ta wurin?"

"Tana wurin."

"To bakinki ciwo yake yi, 'yar nan?"



Ranar Lahadi kowa ya tafi coci da furanni a ka, wata mata ta ja waƙar. Teremoana ta zauna tana wanke ciwon da ruwan ɗumi. Ma'aikaciyar asibiti ta ce sai ya yi mako biyu kafin ya warke, don haka Teremoana ta ɗage tafiyarta, ta koma gidan Goggo da kwana. Tsohuwar tana cin girkinta, tana yi mata hira, har tana ba ta dariya. Amma duk ranar da ake bukatar ganye, ko Teremoana na zaune a gefenta, Poko take aikawa a kira.