Tokar Daddawar Tasalla

Zazzaɓi ya kayar da ni da hantsi, ranar da za a rufe kalwa. Buhu uku muka dafa, mu mata shida na ƙungiya, saboda wata Hajiya daga Gusau za ta aiko mota ta kwashi daddawa. Ɗanɗanon tawa ta ji ta yi sha'awa, sirrin rufin kuwa ni kaɗai na sani. Marigayiya kakata Dudu ce ta raɗa mini, ni ma na hana kowa. Ina juyi a tabarma, idona ya yi nauyi.

Sai ga ni a hanyar da aka malale da kalwa mai zafi, tana ƙona mini tafin ƙafa. Babbar tukunyata na mirginawa a gabana.

"Tasalla, ɗaga ƙafa," in ji ta. "Kullum ke ce ke tura mini wuta, yau ki ɗanɗana."

"Ina za mu?"

"Kasuwar masu rufi."

Itatuwan ɗorawa sun tsaya kai a ƙasa, saiwa a sama, suna zubar da ƙwarya maimakon ganye. A ƙarƙashinsu mata ne jere, ba iyaka, kowace da kaya a gabanta: sabulu, man kaɗanya, zaren rini. Babu mai saye, babu mai tayawa. Na matsa kusa, wayyo Allah, kowace an rufe mata baki da faifai.

"Gwanaye ne duk," tukunya ta ce. "Da abinsu suka zo nan."

Can ƙarshen layi na hango Dudu, kumatunta a cike tam. Na durƙusa na cire faifan, sai kalwa ta ɓarke daga bakinta, ta kai mini gwiwa, ta kai ƙugu.

"Ja'ira," ta ce tana tari, "rabi na ba ki."

"Kaka, sauran fa?"

"Na ce sai gobe. Goben ce nake zaune a kai."

Haushi ya kama ni, tsoro ya biyo baya. Na buɗe baki in roƙe ta, sai na ji wani abu yana saƙuwa a leɓena, zagaye bayan zagaye. Kusa da ita akwai tabarma sabuwa, ba kowa a kai.

"An share miki," in ji tukunya.

Na zabura, zufa sharkaf. A tsakar gida maƙwabciyata Lantana ta ɗauko buhu za ta rufe kalwar haka nan, sauran matan na tsaye suna kallo. Na yi rarrafe zuwa bakin ƙofa.

"Lantana, tsaya! Tokar karan gero tukuna, sannan ganyen gwanda!"

Ta waiwaya ta dubi matan, ta rage murya. "Yaya Tasalla, ai kowa ya ji."

"Ku matso," na ce. "Da saura, kuma ni ma rabi kawai aka ba ni."