Buhun Mama Dorkas

"Mordecai, ajiye buhun nan."

Clara ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma da ƙarfin. Kwana huɗu ke nan tana jinyar maƙwabciyarta Mama Dorkas a ɗan ɗakin hayarta na Samaru, da hantsin nan kuma tsohuwar ta cika. Ko gawa ba a fitar ba, ƙanen marigayiyar, Mordecai, ya iso daga Bomo, idonsa ya faɗa kan buhun masara a bayan ƙofa.

"Haba Maman Success! Masu zuwa gaisuwa fa, iska za su ci?"

"Ba nata ba ne."

Ba nata ba ne kuwa. A zumuntar matan cocinsu, duk wadda za ta kai niƙa sai ta fara ware cikin hannu ɗaya na masarar. Mama Dorkas ke tarawa, a sayar, a biya wa ɗalibin makarantar tauhidi. Bana Rejoice ce, marainiya, tana shekarar ƙarshe, kuma an ce in kuɗin bai je ba kafin wata ya ƙare, ba ita ba jarrabawa.

Gidauniyar nan ta ishi Clara har wuya. Ta zaga shagunan unguwar PZ da ambulan ɗin neman taimako har takalminta ya tsinke. Nwankwo mai kayan gini ya ba ta kujera da ruwan sanyi, ya ce ta dawo bayan Kirsimeti. Abin da ya rage a ƙasa dai buhun nan ne.

Tun Litinin tsohuwar ta daina cin abinci, amma kullum rana ta yi tsaka sai ta ce, "Clara, miƙo mini kwanon." Ta ɗebo masara cikin hannu, rabi a buhu, rabi a tabarma.

"Mama, ai ba girki kike ba."

"To yarinyar ta daina karatu ne?"

Jiya hannun ya ƙi rufuwa. Clara ce ta dunƙule mata yatsun, ta kai su bakin buhu.

"Za a ce mun yi rowa a makokin yayata," in ji Mordecai. Shi ma idanunsa sun yi ja, sai Clara ta ji tausayinsa.

Ta zauna a kan buhun. "Shiga ɗakina, akwai masara mudu shida a roba. Abincinmu ne na sati. Kai niƙa."

Ya je ya ɗauko. Har ya kai bakin zaure ta ce, "Dakata."

Ta taso da ƙyar, ta ɗebi cikin hannu ɗaya daga robar ta zuba a buhun. Ta sake ɗiban wani ta zuba.

"Na biyun fa?"

"Na Mama ne, na yau ɗinta."

Da ya fita, mata suka fara waƙa ƙasa-ƙasa a tsakar gida. Clara ta durƙusa gefen gadon tana tsince ƙwayoyin da suka zube a tabarma, ɗaya bayan ɗaya.