Muryar da Ke Kunnen Baba Gershon

Da aka fara raɗe-raɗin cewa Baba Gershon ya rikice, Jacinta ce kaɗai ta ƙi yarda. Matar ɗansa ce, malamar kimiyya a sakandare, shi kuma tsohon hedimasta a Madakiya. Tun da aka aiko masa da na'urar jin magana daga Jos, irin wadda ake maƙalawa a kunne, yake cewa wata mata na yi masa faɗa. Dattawan ikilisiya har sun fara shawarar sauke shi daga shugabancin kwamiti.

"Baba, me take cewa?" in ji Jacinta.

"Wai na manta da niƙan masara. Ni da ban taɓa zuwa injin niƙa ba!"

Ta ba shi littafi ya riƙa rubuta lokacin da muryar ta zo. Kwana shida ana rubutu. Kullum da safe ne, kuma sai yana zaune a ƙofar gida, kusa da inda 'yan acaɓa ke jiran fasinja. Na'urar da bulutut take haɗuwa da waya, don haka Jacinta ta tabbata wayar wani ce ke shiga.

Ranar Asabar ta ɗauko kujera ta zauna gefensa, ta buɗe wayarta tana kallon sunayen wayoyin da ke kusa. Mijinta ya ce ta bar wa Allah. Ta ce Allah ne ya ba ta idon dubawa. Sau uku Baba ya ɗaga hannu alamar muryar ta zo, sau ukun nan suna ɗaya ne ya bayyana: Clinton.

Ta miƙe ta nufi 'yan acaɓan. "Wane ne Clinton a nan?"

Wani mai jar hula ya amsa. Ashe shi ya kawo na'urar daga tashar Kafanchan, ya gwada wa Baba ita da wayarsa, ya manta bai cire haɗin ba.

"Wayyo, anti! Shi ya sa duk lokacin da na tsaya nan saƙon muryar madam ɗina ba ya fita. Har wurin mai gyara na kai wayar sau biyu."

A gabanta ya goge haɗin, ya je ya durƙusa gaban tsohon. Ran Lahadi Jacinta ta sa shi ya bi su coci, ya maimaita wa dattawa da bakinsa.