Jan Zaren Felicia

Malam Ishaya ya sauke kwalin daga kafaɗarsa ya dire shi a kan teburin Alhaji Abdulmuttalib, ko gaisuwa bai gama amsawa ba. Ranar Alhamis ce, kasuwar Maigatari ta cika ta batse, manyan motoci daga Damagaram suna ƙugi a bakin hanya, raƙuma na ta gurnani a can kara. Alhaji ya dubi kwalin, ya dubi abokinsa, ya gane cewa amfilifayar da ya ba shi makon jiya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ita ce ta dawo gida. Ita ce ta uku da aka dawo masa da ita.

Isaiah ne sunansa a takardar aiki, amma tun da ya baro Kagoro ya zo Gumel aikin injinan ruwa, babu wanda ya wahalar da harshensa, kowa Ishaya yake cewa. Mutum ne mai kunne, kuma ya san yana da shi, nan ne matsalar take. Idan injin rijiyar burtsatse ya fara ciwo a Gagarawa ko Sule Tankarkar, shi ake ɗaukowa. Zai ɗora tsinin sukundireba a jikin injin yana tsaka da ruri, ya manna mariƙin a kunnensa na hagu, ya lumshe ido, ya faɗi abin da ya lalace tun kafin a kwance ko noti ɗaya. Shekara da shekaru yana haka. Shi ya sa duk sanda kayan sauti suka iso shagon Alhaji daga Kwatano, sai an jira Alhamis Ishaya ya zo ya yanke hukunci. Zai ce wannan da hanci take magana, waccan ƙirji gare ta amma ba ta da harshe, kuma maganarsa ba ta tashi.

Abin da ke cin ransa bana kaset guda ne. Matarsa Felicia ta rasu bayan gajeriyar jinya, ba ta bar hoto mai kyau ba, sai wannan kaset da aka ɗauka a taron zumuntar matan coci da makirufo biyu. Ita ce mai ba da waƙa, ta tsaya ta hagu kusa da taga, sauran mata suna amshi ta dama, ana kaɗa tulu a tsakiya. Da hedifon, abin sauraro na sawa a kunne, kawai yake saurarensa, domin gidan haya yake, kuma ba ya son waƙar coci ta tsallaka katanga ta shiga lokacin sallar maƙwabta. Felicia ce ta ɗaura wa hedifon ɗin jan zare a ɓangaren dama, don ta gaji da ganinsa yana laluben tabarau kafin ya karanta 'yan haruffan jiki. Tun daga ranar bai taɓa sa shi ta wata fuska ba.

Da rani muryarta ta fara ja da baya. Tulu yana nan, amshi yana nan, ita kuwa sai ka ce daga bayan ƙofa take rerawa. Ya goge kan rikoda da auduga, ya canza waya, daga ƙarshe ya ɗora laifin a kan tsohuwar amfilifayarsa, ya kawo ta shagon Alhaji ya ce a jefar. Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne tsoron da ke kwana da shi, cewa kaset ɗin ne ke cinyewa. Bai yarda an kwafa ba, gudun kada inji ya tauna zaren, bai kuma taɓa bari wani ya saurara ba. In kaset ne ya mutu, to Felicia za ta sake tafiya, wannan karon ba tare da ko jana'iza ba.

Yau a shagon, Ishaya ya shaida wa Alhaji, a gaban masu ciniki biyu, cewa kayansa na bana tarkace ne, duk ɓangaren hagunsu a shaƙe yake. Maganar ta yi wa Alhaji zafi, don mutum ne mai kishin sunan shagonsa, amma ya haɗiye. Ya sallami mutanen, ya aika aka kawo shayi, sannan ya buɗe wata na'ura siririya da ta zo shekaranjiya, mai cin faifan CD. Ya ce an gaya masa ba zare a cikinta, lambobi take karantawa ta mayar da su sauti, ba shuu ba ƙaiƙayi. Ishaya ya sa hedifon ɗinsa ya saurari wani kiɗan garaya na 'yan mintuna. Ya amince sautin tas yake kamar kwanon da aka wanke da toka, amma ya ce ita ma hagunta ba shi da kaifi. Ban da haka ma, me zai yi da ita, tunda Felicia ba ta cikin faifai.

Alhaji ya daɗe yana juya kofin shayinsa. Sannan ya ce a yi gwajin da Ishaya da kansa ya ƙirƙiro, wanda ya sha yi wa masu saye da ido, wato a ɗaure wa mutum fuska don kada sunan da ke jikin na'ura ya yaudari kunnensa. Ishaya ya yi 'yar dariyar raini, ya zauna a benci, ya miƙa kaset ɗin da hannu biyu kamar mai miƙa jariri. Aka ɗaure masa ido da ƙyalle. Tunda ba ya gani, Alhaji ne ke ɗora masa hedifon ya kuma cire bayan kowane gwaji.

Ta farko bai bari ta yi nisa ba, ya ɗaga hannu ya ce wannan ai mai hancin nan ce ta watan jiya, kuma ya canka daidai. Ta biyu ya ce tulu ya yi mata yawa, ta danne mai waƙa, ita ce wadda ya dawo da ita yau. Nan ma bai kuskure ba. Ya ji daɗin kansa, har ya gyara zama.

Alhaji ya cire hedifon, ya yi 'yan ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe da wayoyi, ya sake ɗora masa.

Sai ga Felicia. Ba daga bayan ƙofa ba, a nan kusa, har da ɗan numfashin da take ja kafin ta ɗauki baiti, har da yadda muryarta ke ɗan karyewa in ta hau sama. Ya lura daga dama take fitowa, ya ce a ransa wayoyin cikin wannan na'ura a harɗe suke, wa ya damu. Bai ɗaga hannu ba. Ya bari waƙar ta kai ƙarshe, ƙyallen da ke idonsa ya jiƙe, kuma ya gode Allah da ƙyallen yake wurin.

"Wannan ce, Alhaji," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ko daga ina ka samo ta, wannan ce."

Ya janye ƙyallen. Abin da ke gabansa tsohuwar amfilifayarsa ce, da tabon ƙunar maganin sauro a samanta, wadda ya ce a jefar, Alhaji kuwa ya ajiye a ƙarƙashin tebur. Ishaya ya buɗe baki zai tambayi wanda ya gyara ta, hannunsa ya kai ga hedifon, yatsunsa suka taɓa jan zaren. A kunnen hagu yake.

Waƙa ta gaba ta riga ta fara. Ya cire hedifon ya juya shi yadda ya saba, zare a dama. Felicia ta koma bayan ƙofa. Ya sake juyawa, ta dawo. Ya yi haka har sau nawa, shi kansa bai sani ba, yana fatan ko sau ɗaya abin ya saɓa. Mutumin da ya gano ciwon injina a faɗin masarauta bai buƙaci wani ya fassara masa wannan ba. Kunnen da ya yi ta mannawa a jikin ƙarfe ne ya gaji.

"Tun azumin bara nake yi maka magana ta wannan gefen, kana ba ni amsar abin da ban tambaya ba," in ji Alhaji, idonsa a kan tebur. "Na rasa bakin da zan faɗa maka, Malam."

Kunya ta rufe Ishaya, ta amfilifayoyi uku da ya ci wa mutunci da bakinsa a gaban mutane. Tsoro ya biyo baya, don bai san abin da zai zama ba in babu kunnen nan. Amma a ƙarƙashin duka biyun akwai wani sanyi da ya daɗe bai ji irinsa ba.

"Kaset ɗin lafiyarsa ƙalau ke nan," ya ce.

"Ƙalau."

Ishaya ya dubi jan zaren, ya yi tunanin kwance shi ya mayar ɗaya ɓangaren, sai ya ga ƙullin nata ne, ƙarami, mai kai biyu, irin wanda take yi wa bakin buhun acca. Ya bar shi inda yake. Ya fitar da kaset ɗin ya sa a aljihun gaba, ya mayar da tsohuwar amfilifayar cikin kwalin da ya kawo sabuwa.

Alhaji ya zagayo ya zauna a bencin, a gefen hagu, inda ya saba zama duk Alhamis. Wata motar shanu ta wuce tana girgiza rumfuna. Alhaji ya faɗi wata magana, Ishaya ya tsinci kalmar asibiti da kalmar Kano, sauran suka zube a hanya. Ya ji kansa ya fara gyaɗawa yadda ya saba yi tun bara ba tare da ya sani ba, sai ya tsayar da shi. Ya matsa can ƙarshen bencin, ya buga tafinsa a kan katakon da ke damansa.

"Dawo ta nan, Alhaji," ya ce. "Sake faɗa, ban ji ba."