Tallan Maganin Sanƙo

Bango ɗaya ya raba shagona na gyaran waya da na yayana mai aski. Shekara bakwai rabon da wani ya ga tsakiyar kansa. Ana zafi hula, ana sanyi hula, har sunansa ya koma Mai Hula. Ni na san abin da ke ƙarƙashi, amma na ja bakina na yi shiru.

Yana da wata kwamfutar hannu da yake miƙa wa masu zuwa aski su zaɓi salon da suke so. Wata safiya, kafin mutane su zo, ya shiga neman maganin sanƙo a kanta. Kowane shafi sai ya tambaye shi ko ya amince da kukis. Yaya kuwa kunya gare shi, ko na'ura ba ya iya ce wa a'a. Ya yi ta danna "Na amince da duka", shafi tara a jere.

Washegari ya faɗo shagona yana haki.

"Ƙanina, wa ya tona min asiri? Duk inda na buɗe, man tsirar da gashi! Har da kan wani bawan Allah yana ƙyalli kamar faranti!"

"Kai ka tona wa kanka, Yaya. Kukis ɗin nan 'yar alama ce da shafi ke ajiyewa a na'urarka don ya gane ka, masu talla su yi ta bin ka. Da ka ƙi, ko ka zaɓi na dole kaɗai, ba mai kama ka. Kawo in goge. Tana ina?"

Ya yi tsuru-tsuru. "Tana hannun Hedimasta."

Muka kwasa a guje.

Tsohon Hedimasta ya shekara ashirin yana aski a wurin Yaya. Shi ma gashi ya fara ƙaura daga tsakiyar kansa, Yaya ke kwantar da na gefe ya rufe, kuma ba su taɓa zancen ba. Muka same shi a tsaye, ƙyallen aski a wuya, rabin kai a aske, yana nuna tallan da yatsa.

"Ashe haka kake? Na ba ka amanar ƙeyata, kai kuma kana nema min magani a bayan idona? Ni da shagon nan har abada!"

Na buɗe baki zan fara bayanin kukis, Yaya ya dafa ni. An ce wanzami ba ya son jarfa, amma ranar ya miƙa wuya. Ya ɗaga hannu ya cire hular, a gaban mutum huɗu da ke jiran layi.

Dariya na cina, tausayinsa kuma ya kama ni, don na san abin da hular nan take a wurinsa.

Hedimasta ya ɗauko tabarau ya saka. Ya zagaya Yaya sau ɗaya, a hankali.

"Kai, naka ya fi nawa nisa," in ji shi. Ya koma ya zauna. "Zo ka ƙarasa min. Wannan man na koriyar kwalba, yana aiki?"

"Ko kaɗan, ranka ya daɗe. Kwalba uku na shafe."

Na goge kukis ɗin a ranar, tallan ya ɓace. Hular kuma tana nan rataye a ƙusa kusa da madubi.